Gizo da Kwaɗon Zogalen da Ya Hana 'Yarsa

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da murhu ku ji."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Gizo ne da matarsa Ƙoƙi da 'yarsu guda ɗaya tilo, sunanta Tasalla. Yarinya ce kyakkyawa mai surutu, amma tana da wani hali da ya ishi uwarta: ba ta cin ganye. Zogale, rama, tafasa, alayyahu, duk abin da yake kore in ta gan shi a miya sai ta ture akushi ta haɗe rai. Ƙoƙi ta yi faɗa, ta yi lallashi, har ta gaji. Amma ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun da aka yaye Tasalla a akushi ɗaya take ci da ubanta, shi kuwa Gizo da zarar an ajiye tuwo sai ya sa yatsa ya yi ta tsince ganye yana jerawa a bakin akushi, yana yatsine fuska, yana cewa shi ba ɗan akuya ba ne. Nama da soyayyar fara su ne abincinsa, su kuma yarinya ta sani.

Ana nan sai damina ta yi tsakiya, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, ganye ne kaɗai ko'ina ka duba. Sai aka aiko wa Ƙoƙi cewa ƙanwarta ta haihu a wani gari mai nisa, ba ta da mai dafa mata ruwan wankan jego. Dole ta je ta yi kwana arba'in. Ta leƙa rumbu, ta nuna wa Gizo ɗan hatsin da ya rage, ta ce in ana yin tuwo kaɗan da ganye mai yawa zai kai su. Da ta ɗauki ƙullin kayanta sai ta tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Maigida, ga Tasalla nan na bar maka amana. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. In na dawo na tarar ta rame, zan goya ta mu koma gidanmu, kai kuma ka zauna da yanarka."

Gizo ya bugi ƙirji ya ce ta tafi hankalinta kwance. To, duk iya shegen Gizo, yana son 'yar nan kamar ransa, kuma ya san Ƙoƙi ba ta magana biyu.

Mako guda ya wuce, nama babu, fara babu. Tasalla sai ta ci gayan tuwo loma biyu ta tsame hannu. Wuyanta ya fara tsawo, ta daina tsalle-tsalle a tsakar gida, surutun ma ya ragu. Hankalin Gizo ya tashi, ya ce bari ya nemi shawara.

Ya fara zuwa wurin Kura. Kura ta saurare shi tana hamma, ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ya je ya matse yarinya tsakanin ƙafafunsa, ya toshe mata hanci, ya ɗura mata. Gizo ya dawo ya dafa miyar rama da barkono, ya riƙe Tasalla da ƙafafu shida, ya ɗura mata da biyu. Ita kuwa ta tara miyar a baki ta feso masa a ido. Uba na kuka, 'ya na kuka, har maƙwabta suka leƙo ta kan danga. Daga ranar ko akushi ta ga ya ɗauko sai ta ruga bayan ɗaki.

Ya tafi wurin Biri. Biri ya sosa kai, ya sosa ciki, ya ce yaro da zaƙi ake kama shi, kowace lomar ganye a bi ta da lasar zuma. Gizo ya hau kuka ya ɗebo zuma, ƙudan zuma suka yi masa rubdugu har fuskarsa ta zama kamar kabewa. Tasalla ta karɓi ganye ta cusa a kumatu, ta lashe zuma, ta zaga bayan rumbu ta tofar. Haka suka yi ta yi har zuma ta ƙare. Abin da yarinya ta koya kawai shi ne lallai ganye mugun abu ne, tunda sai an biya mutum da zuma kafin ya ci.

Ya tafi wurin Dila, malamin daji. Dila ya shafa gemu ya ce abin da ido bai gani ba baki ba ya ƙi, ya je ya daka ganyen ya tuƙa shi cikin tuwo. Gizo ya daka, ya tuƙa, tuwo ya fito kore shar kamar gansakukar bakin rijiya. Tasalla ta dube shi, ta dubi ubanta.

Ta ce, "Baba, tuwon nan ba shi da lafiya."

Daga nan ko ruwa ya miƙa mata sai ta leƙa cikin moɗa kafin ta sha.

Kwana ashirin suka cika. Yarinya ta rame, Gizo ma da yake ƙin ganyen ya rame, cikinsa sai ƙugi yake yi. Wata rana da hantsi yana zaune a ƙofar gida ya yi tagumi, sai wani ƙamshi ya bugi hancinsa daga gidan maƙwabciyarsu, wata tsohuwar Akuya mai gemu. Ya tashi ya yi sallama. Ya gaishe ta da ruwa, ta amsa. Ya gaishe ta da aiki, ta amsa. Ya koma ya sake gaishe ta da ruwan, idonsa na kan ƙwaryar da ke gabanta, har dai ta gane ta ce masa bismillah.

Da ya leƙa ƙwarya sai ya ga zogale ne. Shi da yake cewa shi ba ɗan akuya ba ne, yau ga shi a gidan Akuya, gaban abincin Akuya. Amma da babu gara ba daɗi. Ya ɗan ɗebo da yatsu biyu ya kai baki, ya tauna a hankali. Ya ƙara, ya lumshe ido. Ya sake ƙarawa, sai da Akuya ta janye ƙwaryarta. Ta ce masa wannan shi ne kwaɗon zogale: a tsinke ganyen, a dafa, a matse ruwan, a daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, a yanka albasa, a cakuɗa. Da zai tafi ta ƙulle masa ƙuli-ƙuli a tsumma.

Yanzu ku da kuke da hankali, za ku ce Gizo ya ruga gida don ya ba 'yarsa. Ina. Kwaɗayi ya rufe masa ido, ya manta da abin da ya yi kwana ashirin yana nema. A hanya ya kwance tsumma, ya ga ƙuli-ƙulin ba yawa, ya ce a ransa wannan na baki ɗaya ne.

Ga shi kuma malalaci. Da ya karyo rassan zogale sai ya zube su gaban Tasalla ya ce ta tsinke. Ta tsinke. Ya ce ta daka ƙuli-ƙuli, ta daka. Shi ya dafa ya cakuɗa, ƙamshi ya cika gida. Ya ga tana buɗa hanci, sai ya tsuke fuska.

Ya ce, "Wannan maganin ciwon baya ne na manya. Yaro in ya taɓa, gemu ne zai tsiro masa irin na Akuya."

Ya ɗauki ƙwarya ya zaga bayan rumbu. Tasalla ta bi shi a hankali ta leƙa. Abin da ta gani ya ba ta mamaki, don tun da take ba ta taɓa ganin ubanta da irin wannan fuska a gaban ganye ba. Ido a lumshe, kai na kaɗawa, yana lashe yatsu ɗaya bayan ɗaya.

Washegari ta tsinke, ta daka, ya cakuɗa, ya zaga. Ta shinshina hannunta, ta ji ƙamshin ganyen da ta tsinka da kanta, ta lashi bakin taɓarya. Da ya fito ta tambaye shi me ya sa maganin yake sa shi waƙa. Ya ce ba waƙa ba ce, nishin ciwo ne.

Rana ta uku ta tsinke, ta daka, ya cakuɗa. Ya ajiye ƙwarya a kan turmi, ya tafi rijiya ɗebo ruwan da zai kora da shi. Tasalla ta duba hagu, ta duba dama, ta ɗan tsakuro ta sa a baki, ta yi maza ta riƙe haɓarta. Ta jira, ba abin da ya tsiro. Da fari ta ji ɗan bauri, amma ta tuna fuskar ubanta, ta ce ƙila daɗin yana can gaba. Ta ƙara, ta shafa haɓa. Ta sake ƙarawa, ta manta da haɓar ma, ta zauna ta sa ƙwarya tsakanin ƙafafunta.

Gizo ya dawo da ruwa yana haɗiyar yawu, ya tarar da ƙwarya fes kamar an wanke. Ransa ya ɓaci, ya ajiye tulu, ya buɗe baki zai yi ruwan masifa. Sai idonsa ya sauka kan 'yarsa: leɓe duk ganye, ciki ya yi tulu-tulu, tana gyatsa. Nan take ya fasa masifar. Ya zauna a ƙasa daɓas, daɗi da kunya suka rufe shi lokaci guda, har ƙwalla ta cika masa ido.

Tasalla ta ɗaga haɓa ta ce, "Baba, duba mini, gemun ya fito?"

Ya duba da kyau, ya juya fuskarta nan da can, ya ce, "Tukuna. Gobe mu ƙara gwadawa mu gani, amma tare za mu ci."

Tun daga ranar tare suke zuwa karyo zogale, tare suke tsinka, su zauna a inuwa su ci a akushi ɗaya. Daga zogale suka koma rama, daga rama suka koma tafasa. Suna kai wa Akuya ganye, ita tana ba su ƙuli-ƙuli. Sai dai Gizo ya koyi cin abinci da sauri, don in ya tsaya surutu sai ya tarar da gefensa ma an share.

Ranar arba'in Ƙoƙi ta dawo. Tasalla ta rugo ta faɗa jikinta, saura kaɗan ta kayar da ita, kumatu sun ciko, surutu ya dawo har ya fi na da. Ƙoƙi ta ɗaga ta ta ji nauyi, ta yi hamdala. Gizo kuwa ya gyara zama ya fara cika baki, wai wani sirri ne da ya gada tun daga kakanninsa, ba kowa ake faɗa wa ba. Tasalla ta katse shi ta ce ai ɓoyewa yake yi bayan rumbu yana ci yana waƙa, ita kuma ta sata. Ta ba da labarin gemu tun daga farko har ƙarshe.

Ƙoƙi ta saurara, ta yi murmushi. Ta shiga madafa ta kwance ƙullin tsarabarta, ta ɗauko shuwaka, ganyen nan mai ɗaci kamar maɗaci, ta yi miya da ita. Ta kawo tuwo ta ajiye tsakanin uba da 'ya. Tasalla ba ta sa hannu ba, ta zuba wa fuskar ubanta ido tana jira.

Ƙoƙi ta ce, "Bismillah, Maigida. Ga 'yarka nan tana kallonka."

Gizo ya dubi miya, ya dubi 'ya, ya san yau ba bayan rumbun da zai zaga. Ya yanko loma ya dangwala ya kai baki. Ɗaci ya ratsa shi har ƙarshen ƙafafunsa takwas, amma ya lumshe ido, ya kaɗa kai, ya ce rabonsa da miya irin wannan tun yana yaro. Tasalla ta kai tata lomar, ta ɗan yamutsa fuska, ta dubi ubanta. Ya yi maza ya ƙara wata yana murmushi, hawaye na zuba, ya ce hayaƙin murhu ne. Ita ma ta ƙara. Haka suka yi ta yi, loma na bin loma, har suka ga gindin akushi. Ƙoƙi tana bakin madafa ta toshe baki da gefen zane don kada dariyarta ta fito.

Ta sake yin miyar bayan kwana biyu, suka ci. Da ta yi ta karo na uku, Gizo ne da kansa ya miƙa akushi, ba tare da kowa na kallonsa ba, ya ce ko da saura a tukunya.

To kun ji, jikokina. Yaro da ido yake fara cin abinci kafin ya ci da baki. Ɗure ba ya sa shi so, zuma ba ta sa shi so, ɓoyo ba ya sa shi so. Abin da ya ga manyansa suna ci da fara'a, abin da hannunsa ya taɓa, abin da harshensa ya saba da shi yau da gobe, shi yake so. Ku manyan cikinku ku kula da fuskar da kuke yi a gaban akushi, don ƙannenku suna kallo.

Ƙungurus kan kusu. Ba don Gizo ba da na yi ƙarya, shi kuwa yana can bakinsa cike da shuwaka, ba shi da damar ƙaryata ni.