Fayil ɗin da Malama Doreen ta goge

Akwai wani matashi a Kafanchan, Nelson, wanda shi da abokansa suka rubuta manhajar haɗa sakamakon jarrabawa don ƙananan makarantu. Aikin sa-kai ne. Lasisinta ya ce kowa ya ɗauka ya gyara, amma ya bar sunayen marubuta a ciki, kuma ya buɗe gyaransa ga kowa.

Wata rana Nelson ya ga manhajar a wata makaranta a Zonkwa. An canza ta, an goge fayil ɗin lasisin, babu sunansu. Aka ce masa Malama Doreen mai koyar da lissafi ce ta saka.

Nan take ya rubuta dogon saƙo da hotonta, ya kira ta ɓarauniya. Saura ya danna ya shiga Fesbuk, inda shugaban makarantarta da 'yan cocinsu duk za su gani.

Fatimatuzzahra'u, abokiyar aikinsa, ta riƙe wayar.

"Oga, lasisin nan da kake ihu a kansa, ka karanta shi har ƙarshe?"

"Ni na zaɓe shi fa!"

"To sauka ƙasa. Ya ba mai kuskure wata guda ya gyara. Ina ya ce a kashe wa mutum aiki?"

Washegari suka hau bas zuwa Zonkwa.

Da Doreen ta ji, sai ta dafe ƙirji. "Wayyo Yesu! Wannan dogon Turancin? Malamai suna ta buɗe shi suna kirana wai kwamfuta ta lalace, shi ne na goge. Ƙanena, ban san sunanku na ciki ba."

Ta buɗe tsohuwar laftof ɗinta ta mayar da fayil ɗin a gabansu.

Nelson ya leƙa allon. Sai ya ga manhajar tana aiki babu intanet. Wata biyar yana fama da wannan matsalar, ita kuwa ta warware ta, don netwok ba ya kaiwa ofishin malamai.

"Anti, yaya kika yi wannan?"

"Ja kujera. Amma ka fara goge hotona, ban yi kyau a ciki ba."

Yau in ka buɗe fayil ɗin, sunanta na nan tare da nasu.

Darasi: Kafin ka hukunta mutum da doka, karanta ta har ƙarshe, sannan ka je ka tambaye shi. Tura wa abokinka mai saurin danna waya.