Boris a Juye

A garejinmu akwai wani bakanike da kowa ke kira Na-Sani. Ba sunan yanka ba ne, bakinsa ne ya jawo masa. Ko me ka fara gaya masa, kafin ka kai rabi ya tare ka da "na sani", ko da kuwa mafarkin da ka yi jiya kake ba shi labari. Ni mai walda ne, rumfata tana jikin tasa shekara goma sha bakwai, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. Kuma in za a faɗi gaskiya, mutumin ya iya aiki. Mota na shigowa zai karkata kai ya saurara, ya nuna maka tayar da ke kuka tun direba bai kashe inji ba. Cutarsa guda ce, ba a yi masa gyara.

Abin alfaharinsa shi ne injin matsi da ya kafa a ƙuryar rumfarsa, wani ƙarfe mai ƙafa biyu da ya fi mutum tsayi, da jak a samansa. Da shi ake tura tsohon boris, wato zoben ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, ya fita daga gidansa, a danna sabo. Sauran kanikawa guduma suke sa wa abin, shi ya sa yake kiran su maƙera. Ni ma ban tsira ba, ya ce aikina liƙe-liƙe ne kawai.

Wata safiya surukinsa, mijin babbar 'yarsa, ya kawo motarsa tayar gaba ta hagu tana gurnani. Malamin makaranta ne, mutum mai kunya, ko ido ba ya haɗawa da Na-Sani. Ya zo da sabon boris a kwalinsa. Na-Sani ya ɗaga mota, ya cire taya da birki, ya kwance gidan boris ya ɗora a kan injin. Ya yi ta jan hannun jak har tsohon ya fita da ƙara guda. Ya goge ramin tas, ya shafa giris, ya miƙa hannu a ba shi sabon.

Surukin yana tsugune a gefe yana karanta 'yar takardar da ke cikin kwalin. Sai da ya yi gyaran murya sau biyu kafin ya iya magana.

"Baba, na ga kamar sun ce wannan yana da gaba da baya. Wai gefe ɗaya akwai maganaɗisu, shi ne zai kalli ciki. Ko a ɗan gwada da ƙusa a ga inda zai kama?"

"Na sani," in ji shi, ko juyowa bai yi ba. "Tun kana rarrafe nake sa boris. Ka ajiye wa ɗalibanka takarda."

Mutanen gareji suka yi dariya, har da ni. Surukin ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya ce Baba ya yi haƙuri. Daga nan ya ce zai leƙa makaranta ya dawo, ina jin kunya ce ta kore shi. Na-Sani ya ɗora boris yadda ya zo hannunsa, ya daidaita, ya danna shi a hankali har ya zauna daram. Aiki ya yi kyau a ido.

Da ya gama ɗaurawa ya murɗa makulli, sai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a jikin mitar da ke gaban direba, ta ƙi mutuwa. Motocin yanzu suna da na'urar da ke bin juyin taya ta wannan maganaɗisun, ita ke hana taya ƙamewa in an taka birki da ƙarfi. Tun da an juya shi waje, na'urar ta makance, fitilar kuma abin da take faɗa ke nan. Boris in ya shiga ba ya fita da rai, sai dai a lalata shi a sa wani. Samun wani ba wuya, shagon kayan gyara yana tsallaken titi. Abin da ya gagare shi shi ne ya dubi yaron da ya gwasale a gaban mutane ya ce masa, kai ne da gaskiya.

Ya waiga hagu da dama, babu kowa sai ni. Ya kwance gilashin mita, ya yanko ɗan baƙin salatif, ya liƙe fitilar ta ciki, ya mayar. Na ce masa ya tuna fa 'yarsa da jikarsa ke shiga motar nan. Ya ce birki yana kamawa lafiya lau, kuma ranar da aka kawo ta juyen mai zai canja boris ɗin ba wanda ya sani. Na koma kan waldata, na ce wa kaina ba ruwana da sha'anin surukai. Da malamin ya dawo ya yi ta godiya, ni kuwa na sauke gilashin walda a fuskata don kada mu haɗa ido.

Sati uku bayan haka aka yi ruwa da rana. Malamin ya ɗauko matarsa da 'yarsu daga kasuwa, wani mai babur ya gitta masa. Ya taka birki iya ƙarfinsa, tayoyi suka ƙame, mota ta sulale a kan jiƙaƙƙen titi ta ƙi jin sitiyari, ta daki kwalbati. Yarinyar ta sha ɗinki a goshi. Uwar, da ta kare ta da jikinta, hannunta na dama ya karye wuri biyu. Tela ce, da wannan hannun take yanka.

Garejinmu aka jawo motar, ina kuma za a kai ta? Washegari mutane sun taru ana jajanta wa malamin, mai gyaran wutar mota na garejinmu ya kwance mita don ya duba wayoyin da suka tsinke. Ya ɓamɓaro salatif ɗin ya ɗaga shi sama. Ya leƙa bayan taya, ya ce boris a juye yake, sannan ya tambaya wane marar tsoron Allah ne ya yi wannan aiki. Na-Sani yana tsaye jikin injinsa, sifana a hannu, kamar an dasa shi.

Surukin ne ya yi magana. Ya ce tsohuwar mota ce, ta bi hannaye da yawa kafin ta zo wurinsa, wa ya san abin da aka yi mata can baya. Kowa a wurin ya san ranar da aka sa boris ɗin, kowa ya san wanda ya sa. Wannan rufin asirin ya fi zagi zafi. Da zagin ya yi, ina jin da mun samu sauƙi.

Da yamma Na-Sani ya roƙe ni in raka shi asibiti, ya ce ba zai iya zuwa shi kaɗai ba. Muka tarar da 'yar tasa a kishingiɗe, hannu a naɗe har kafaɗa. Mijinta bai gaya mata komai ba. Ta ga yadda uban ya zabge, ta ɗauka tausayi ne kawai, sai ta shiga lallashinsa.

"Baba, ka daina damuwa, ƙaddara ce. Ka san ma ranar da ka gyara motar ya ce min ransa bai kwanta ba, wai ko a kai wa wani ya sake dubawa. Ni na hana shi. Har faɗa na yi masa, na ce aikin babana ba a bin bayansa."

Na-Sani ya durƙushe a gaban gadon, ya kifa kai a jikin ƙarfen, mutum mai furfura yana kuka kamar yaro. A haka ya gaya mata komai, har da salatif ɗin. Ta juya fuskarta bango. Ni kuwa na sulale waje, don na san rabin abin nawa ne. Hannun ya warke, amma har yau ba ya riƙe almakashi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kuskure ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne abin kunya. Wanda ya ƙi jin gyara don ya fito daga bakin na ƙasa da shi, kuma ya rufe ɓarnarsa don gudun kunyar minti biyar, zai ɗauki wadda ta fi ta har ƙarshen ransa, kuma waɗanda suka fi yarda da shi su za su fara jin jiki. Wanda kuma ya gani ya yi shiru, kada ya ce ba ruwansa. In ka yi kuskure ka faɗa tun ana iya gyarawa, in ka ga ana rufe shi ka yi magana.