Wanda Ya Sayar da Zauren Masu Marsandi

An yi wani mutum a nan garin Zarƙa, ba zan kama sunansa ba, don wasunku sun sha gahawa a gidansa. Shekarun baya ya buɗe zaure a intanet domin masu tsofaffin Marsandi, irin waɗanda sai an tura su da safe. Ni ma ina ciki, kun dai san akwalar da nake ajiyewa a bayan masallaci.

Zauren yana da wata al'ada. Idan motarka ta mace a hanya, sai ka rubuta inda kake a shafin agaji. Nan take wayar kowa ta yi ƙara, wanda ya fi kusa ya taho da igiya da ruwa. Kafin mutane su yarda su ba da lambobinsu, sai da mutumin ya rantse da Allah ba zai taɓa miƙa zauren ga kowa ba.

Ana nan sai wani kamfanin talla ya ga jama'a ta taru, ya taya. Abu Rakan, wani tsohon makanike ɗan zauren, daga garin Ƙaɗrana, ya kira shi ya ce, "Ɗan'uwana, ka ji tsoron Allah, ka fa rantse."

Ya ce, "Haba Abu Rakan! Hirar mota ce fa, ba masallaci zan sayar ba."

Ya sayar, ya miƙa har da lambobin.

Ya 'yan uwa, me kamfani ya sani game da igiya da ruwa? Suka cika ko'ina da tallar taya. Suka kashe ƙarar wayar, wai tana damun masu ciniki. Saƙo kuma sai ma'aikacinsu ya duba kafin ya fito. Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya, mai zuciya ma, irin Abu Rakan, ya sauya lamba saboda kiran 'yan talla.

Bayan shekara biyu, wata rana da azahar, mutumin ya ɗauko mahaifiyarsa daga ƙauye za su birnin Amman. A wata ƙaramar hanya cikin hamada, bel ɗin fanka ya tsinke, mota ta yi zafi ta tsaya. Rana ta buɗe. Sai tsohuwa ta dafe ƙirji, numfashinta ya fara sama-sama.

Ya kira motar asibiti, ta taso, amma tana da nisa. Ya tsaya tsakiyar titi, babu ko akuya. Ya buɗe zauren da ya gina da kansa, ya rubuta, "Don Allah ku taimake ni, uwata za ta mutu." Aka amsa masa cewa za a duba saƙonsa cikin kwana biyu. Ya sake rubutawa, ya sake, yana ihu yana dukan sitiyari. Ya kira lambobin da suka rage a wayarsa, wasu a kashe, wasu ba a ɗauka ba. Tsohuwa ta cika a kujerar baya, kanta a cinyarsa.

A zaman makoki Abu Rakan ya zo. Ya tambayi wurin da motar ta mace, aka gaya masa. Wallahi a gabana dattijon nan ya fashe da kuka, ya ce, "Minti goma ne daga garejina. Ina zaune ina shan shayi."

Yau mutumin ba ya iya taɓa sitiyari. Kullum yana kan waya yana roƙon kamfanin su goge saƙon nan, domin kuwa saƙon ya fito a zauren bayan kwana biyun, tallar taya a samansa, kuma har yanzu yana nan.

Ya 'yan uwa, amana amana ce, ko ta lambar waya ce. Wa ya ce muku rantsuwa tana ruɓewa don an yi ta a intanet? Abin da jama'a suka gina da zumunci ba naka ba ne, balle ka sa masa farashi.

Allah ya jiƙan tsohuwar nan, ya yafe wa ɗanta. Mu kuma Allah ya kiyaye mu da sayar da abin da aka ba mu ajiya.