Dashen da Datti Ya Haƙura da Shi

Akwai wani manomin tumatir a Kadawa, wajen shekarar 2006, ana ce masa Datti. Matarsa Kubra ta wayi gari ƙafafunta sun yi nauyi kamar ba nata ba, idonta ɗaya yana gani dishi-dishi. Kafin wani lokaci sai an riƙe ta take zuwa banɗaki. Duk uwar da ta taɓa kwanciya ciwo tana kallon yaranta ta san irin wannan fargaba.

Aka kai ta asibiti a Kano. Bayan gwaje-gwaje likita ya yi musu bayani cewa jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka suna da riga, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Rigar jijiyoyin Kubra ce ke zaizayewa, shi ya sa saƙo ba ya isa ƙafa. Ya ba da magani, ya nuna musu motsa jiki, ya ce sai an yi haƙuri, don ciwon yakan lafa kuma yakan dawo.

Ana nan sai Suhaibu, ƙanin Datti, ya zo da labarin da ya ji a rediyo. Wai masana a ƙasar waje suna ƙoƙarin dashen sababbin ƙwayoyin halitta don su sake ɗinka wa jijiya rigarta. Kuma ga wani mutum a kasuwar Bunkure da ya rantse yana da allurar dashen a jakarsa.

Da Datti ya ji kalmar dashe sai fuskarsa ta washe. Ai dashe aikinsa ne tun yana yaro. Nan take ya ce ranar kasuwa za a kai ta.

Kubra ta ce, "Baban Aziza, jikina ne fa, ba fangalin tumatir ba. A fara tambayar likita."

Suka koma Kano. Likita ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Malam Datti, irin da ka yafa jiya, za ka tuge shi yau ka dasa?"

"Ai sai ya mutu, likita."

"To aikin nan gaskiya ne ana yin sa, amma har yanzu yana wurin reno. A jikin ɓeraye ake gwadawa. Abin da ke jakar mutumin nan, Allah kaɗai ya san mene ne."

Kubra ta dubi mijinta ta ce ashe da ɓeraye ya so ya haɗa ta layi. Har likitan sai da ya yi dariya.

Datti ya dawo gida ya kafa itatuwa a tsakar gida, ya ɗaura doguwar gora. Kullum kafin ya tafi ban ruwa sai ya tallafe ta ta kama gorar tana jan ƙafa. Wata rana ta taka, wata rana ta zauna tana kuka. Abokansa suna tsokanarsa wai ya zama malamin asibiti. Bai kula su ba.

Lokacin tsinkar tumatir yana gonarsa ta bayan gari yana cika kwanduna, sai ya ji masu aiki sun yi tsit. Ya ɗaga kai. Kubra ce tafe a bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, tana dogara sanda, babu wanda ya riƙe ta.

Ta ce, "Ba wurinka na zo ba. Tumatirin da kake aiko mana duk ya lugwigwice, na zo na zaɓi na miya da kaina."

Datti ya juya yana goge ido, wai attaruhu ne ya shigar masa. Gonar kuwa ko gindin attaruhu ɗaya babu.

Darasi: Ba duk maganin da muka ji labarinsa ne ya isa amfani ba. Don Allah iyaye 'yan uwana, kada tsoro ya sa mu miƙa jikin namu ga wanda ba mu san abin da ke hannunsa ba. Mu tambayi likita, mu yi haƙuri da mai jinya. Ku tura wa duk gidan da kuka san ana jinya a ciki.