Biri da Kurfinsa Mai Tsatsa

Ga ta nan, ga ta nanku. Kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta.

A wani gari, in za a ba masassaƙi aiki, ba a tambayar sunan ubansa. Damtsensa na hagu ake dubawa. Don gwani kullum safiya sai ya yayyafa wa dutse ruwa, ya wasa kurfinsa, wato ƙarfen sassaƙarsa, ya gwada kaifin a gashin hannunsa, da yamma ya goge kurfin ya shafa masa man gyaɗa. Shi ya sa damtsen gwani ƙwal yake.

To, Biri ma masassaƙi ne, a bakinsa. Wasa kurfi kuwa, ya ce yana sa masa ciwon baya. Man gyaɗar ma a wake ya ƙare. Sai ya lallaɓa wurin wanzami, aka aske masa damtse tas. Sai ya zauna bakin kasuwa, ya naɗe hannun riga har kafaɗa.

Kura ta ga damtse, ta ba shi aikin akushi. Ya daka, ya daka, itace ya tsage. Ya ce itacen ɗanye ne.

Ɓauna ta ba shi kujera. Ta tsage. Ya ce wannan kuma ya cika bushewa.

Sai Giwa ta kawo gungumen ƙirya, wanda ta shekara uku tana ajiya don turmin 'yarta. Ta ce ba ta da wani, kuma duk wanda ya ɓata shi, a kansa za ta zauna. Kafin ya taɓa, ta ce ya gwada mata kaifin.

Biri ya miƙa damtse ya ce, "Ranki ya daɗe, ai kin gani, babu sauran gashi."

Giwa ta ce, "Ba komai, Malam. Juya, ga shi nan a bayanka da yawa."

Sai ta danne shi da hanci, ta ɗauki kurfin. Dakusasshen ƙarfe ba ya aski, tugewa yake yi. Gashi ɗaya-ɗaya, Biri na ihu yana rantsuwa gobe da asuba zai nemi dutse. Giwa ta ce ya yi haƙuri, ita dai so take ta tabbatar.

Ta ɗauke gungumenta lafiya. Shi kuwa har yau mazaunansa ba su sake tsiro ba.

Saboda haka, wanda ya ƙi durƙusa wa dutse da safe, jikinsa ne zai biya.

Ƙurunƙus. Wanda bai yarda ba, ya je ya leƙa bayan biri.