Shagon Oda na Inna Kulu

Ku matso kusa, muryata ba ta zuwa nesa yanzu. Wannan labari na tsinto shi ne a wani gari da na yi damina biyu ina karatu. Funtuwa ce ko Gusau, ya shige mini, amma mutanen ban manta su ba.

An yi wata tela, Inna Kulu. 'Yan tsana uku take ɗinka wa ƙananan kaya ta jera a tagar shagonta, mace ta zo ta nuna ta ce irin wannan take so. Mijinta malamin allo ne, shi ya rubuta mata sunan shagon. Ta ce ya sa ADO. Shi kuwa hannunsa ya saba da ajami, sai ya fara daga dama, aka wayi gari ana karanta ODA. 'Yan kasuwa suka yi ta dariya, sunan ya bi shagon, ita kuma ta hana a gyara.

Shekaru suka ja. Malam ya rasu, aka rushe shagon aka yi titi, tsufa ya tafi da ƙafafun Inna da rabin tunaninta. Abu ɗaya ya tsaya mata: tun tana aiki ba ta karya kumallo sai ta buɗe shago. To, sai ta koma kan wannan. Ko me aka kawo, sai ta kau da kai ta ce, "Sai na buɗe shago." Kwana huɗu ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa, 'ya'yanta uku suka ga tana ƙarewa a hankali.

Babbansu, Sallau, kafinta ne. Ya ajiye aikin mutane ya haɗa ɗan shago da guntayen katako, bai fi kwalin sabulu girma ba. Ya yanka gwangwanin madara ya yi rufin kwano, ya sa taga, ya sa ƙofa mai ƙugiya irin ta da, ya rubuta ADO daidai a sama. Inna ta shafa ƙofar, ta leƙa taga ta ce, "Babu kaya."

Mai bi masa, Ladidi, ta buɗe adakar uwarsu ta samo ƙyallayen atamfa da Inna ta yi shekaru tana ɓoyewa. Idonta ba ya ganin kafar allura sosai, amma ta ɗinka wa 'yan tsana uku riga da zane da hannu, da irin kalmasar da uwar ta koya mata. Da aka jera su a taga, Inna ta miƙa hannu ta gyara wa ɗaya ɗaurin ɗankwali. Sai ta ɗaga ido sama ta ga rubutun, ta janye hannun. "Ku mayar wa mai shi. Ba na taɓa shagon mutane."

Autansu, Tanimu, direban tirela ne, kwana biyu ya yi a hanya kafin ya iso. Bai iya sassaƙa ba, bai iya ɗinki ba. Ya dubi shagon ya ce, "Yaya, boko ya yi maka yawa." Ya kankare rubutun da wuƙa, ya tsoma tsinke a tawada, ya fara daga dama kamar yadda ubansu ya yi.

Inna ta daɗe tana kallo. Sai ta yi murmushi ta ce, "Oh, Malam. Haruffa uku ma sai da ka juya su." Ta yi bisimilla, ta zare ƙugiyar da ɗan yatsa, ƙofa ta buɗe. Ta ce, "Ladidi, kokon nan ya huce ne?"

Ta sha, ta rayu har damina uku, kullum sai ta buɗe shago ta karya. Da ta ji tafiya ta matso, ta ciro almakashinta daga ƙarƙashin matashi, wanda Malam ya saya mata ranar da ta fara ɗinki, ta ce, "A ba wanda ya buɗe mini shago." Ba ta ambaci suna ba.

Almakashin na nan a rataye, kowannensu na cewa na ɗan'uwansa ne. Ni an taɓa gaya mini yadda suka ƙare, na manta. To, ku da tunaninku ke nan daram, wa za ku miƙa wa almakashin, Sallau, Ladidi, ko Tanimu?