Barewa Ta Amsa Laifin Satar Nama

Ga ta nan, ga ta nanku!
Ta zo, muna saurare.

Naman Zaki ya ɓace. Kura mai gadi ta kama Barewa, ta yi ta jibgarta har ta ce ita ta sata. Aka kai ta gaban alƙali Toron Giwa.

Kura ta ce, "Ranka ya daɗe, da bakinta ta amsa."

Dila, lauyan Barewa, ya ce, "Kulkinki dai ya amsa. A kawo nama ta ci mu gani."

Aka kawo. Barewa ta kau da kai, Kura kuwa ta yi wuf ta cafke.

Alƙali ya ce, "Maganar da duka ya fitar ba shaida ba ce. A saki Barewa, a ɗaure Kura!"

Daji ya kaure da guɗa.

Ƙurunƙus kan kusu, na sauke ta nan.